Ranar da Gwaggo Ta Amsa Tambayar da Ta Gagare Ni

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, bayan Allah ya yi wa babana rasuwa, innata kuma ta sake aure ta koma wajen Cadakori. A wani ƙauye kusa da Gangara muka zauna, daga ni sai ita sai buhunan wake. Sana'arta ke nan. Da kaka takan saye wake hannun manoma, ta adana, ta riƙa kai shi kasuwar Cadawa kaɗan-kaɗan har damina ta kankama. Wake ne ya saya mini allo da alli na lakol, wato makarantar boko, shi ya ɗinka mini wandona na farko mai aljihu. Abokin gabarta a duniya guda ɗaya ne, ɗan ƙwaron nan da ke huda wake ya mai da shi gari. In ta buɗe buhu ta gan shi, takan yi masa faɗa kamar mutum, ta tambaye shi ko ubansa ne ya yi noman.

Wataƙila shi ya sa da na yi nisa a karatu, aka ce in zaɓi abin da zan yi bincike a kai don samun doktora, ban yi dogon tunani ba na ce ƙwaron wake.

Da na zo hutu na gaya wa Gwaggo. Kalma ɗaya ta kama a cikin dukan bayanina.

"Dokta?" ta ce. "Dokta za ka zama?"

"Eh, Gwaggo, amma ba irin na likita ba. Nawa na bincike ne, a kan ƙwarin da ke cin wake."

"To, madalla. Ai da ma da ƙanana ake farawa."

Na sake bayani. Na ce babu allura a ciki, babu farar riga, babu abin saurare na rataya a wuya. Ta yi ta gyaɗa kai tana tsintar tsakuwa a faifai. Sati bai zagayo ba, duk layin masu wake a kasuwar Cadawa sun ji cewa ɗan Hajiya, kamar yadda suke kiran Gwaggo don girmamawa, zai zama likita, yanzu haka an ba shi ƙwari yana koyon hannu kafin a sakar masa mutane. Shekara biyar na yi ina gyara wannan labari, shekara biyar tana mai da shi yadda take so. Daga baya na haƙura.

Aikin kansa ba shi da wani armashi. Ina zagaya ƙauyuka a ƙasar Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, in shiga gida in roƙi a ba ni ɗan wake daga cikin wanda aka adana, in zuba a leda, in rubuta sunan garin da irin ma'ajin, ko tukunya ce, ko buhu, ko jarka. In na koma jami'a a Yamai sai in zauna in yi ta lissafin ƙwayoyin da aka huda da waɗanda suka tsira, har idona ya riƙa ganin huda a jikin bango. Abin da nake son ganowa shi ne wane irin adani ya fi kare wake, da dalilin da ya sa.

Ko'ina abin yana tafiya yadda hankali zai ɗauka, ban da wani ɗan ƙauye guda a arewacin Cadawa. Matan garin a tukunyar ƙasa suke zuba wakensu, ba toka, ba rairayi, ba magani, murfin ma faifai ne. Amma duk lokacin da na je, waken da za su ɗebo mini fes yake, ko huda ɗaya babu, ko da kuwa watan bakwai ne bayan girbi. Na auna zafin ɗakunansu. Na kankaro jikin tukunya na kai aka duba yumɓun. Na tambayi irin da suke shukawa, ya zama irin kowa ne. Malamata, farfesar da ke kula da aikina, mace mai ƙarancin magana, ta duba takardun ta ce in rubuta abin da na gani tsakani da Allah, in kuma rubuta cewa ban gano dalili ba. Haka na yi. Shafi huɗu na ba ƙauyen nan a cikin littafina, kuma a ɓoye su na fi ƙauna, don ina ganin wata rana su za su fitar da sunana.

Da aka sa ranar da zan tsaya gaban manyan malamai in kare aikin, Gwaggo ta ce da ita za a yi. Ba ta taɓa wuce Maradi ba. Ta ce kuma ba ta zuwa garin da ba ta jin maganarsu ba tare da tafinta ba, don haka ta aika wa Kawu.

Kawu ƙanen innata ne, a Cadakori yake zaune. Da ƙuruciya ya yi aikin kai takardu daga buro zuwa buro, wato ofis-ofis, a Gidan Rumji, kuma tun daga lokacin ya ɗauki kansa masanin Faransanci. Gaskiyar magana, ya iya gaisuwa, ya iya "shigo", ya iya "jira waje", ya iya zagi kala uku. Sauran kuwa cike gurbi yake yi da abin da ransa ya ba shi, cikin Gobirancinsa mai kauri, da tabbacin da ba ya barin kowa ya yi musu. Ya iso da babbar riga mai sitati da tsohon tabarau wanda hannunsa ɗaya zare ne.

Na tarye su a tasha a Yamai. Gwaggo ta sauko da ƙafafu a kumbure, da kwalla cike da dambun zogale, da ƙullin wake wai tsarabar malamaina.

"Ina ɗakin da za a yi maka jarrabawar?" ta ce. "Da marasa lahiya a ciki?"

"Babu, Gwaggo. Magana ce kawai za a yi."

"Ki bar shi, Hajiya," in ji Kawu. "Ni na san abin ga. Na sha gani."

Washegari da hantsi ɗakin ya cika da ɗalibai da abokai. Na zaunar da su biyun a layin gaba, kuskuren da har yau nake mamakin yadda na yi shi. Na tsaya gefe ni kaɗai a bayan wani ɗan tebur, cikin kwat ɗin aro da ta matse ni a hammata. Sai ƙofa ta buɗe, kowa ya miƙe, malamai biyar suka shigo a jere cikin manyan riguna baƙaƙe masu faɗin hannu, fuska ba annuri, suka zauna a dogon tebur suna fuskantata.

Na ji muryar Gwaggo, wadda a ganinta raɗa take yi.

"Malam, waɗanga ba alƙalai ba ne?"

"Su ne," in ji Kawu.

"Mi ya yi?"

"Yanzu za mu ji."

Na fara jawabina, minti ashirin aka ba ni. Ina nuna hotuna a bango: ƙwaron, ƙwansa a jikin wake, tsutsar a ciki. Da hoton ƙwaron ya fito, an ƙara girmansa ya kai ɗan akuya, Gwaggo ta ce "A'uzubillahi!" da ƙarfi har wani ɗalibi ya ƙware. Kawu ya sanar da ita cewa wannan na ƙasar Turawa ne, can haka suke.

Na gama, aka shiga tambayoyi. Ukun farko sun yi mini da sauƙi, yabo kaɗan, gyara kaɗan. Na huɗun wani dogon dattijo ne da aka gayyato daga wata ƙasa, wanda ɗalibai suka riga suka ba ni labarinsa, suka ce bai taɓa karanta littafin ɗalibi ya ji daɗi ba. Ya ɗaga littafina da yatsa biyu. Ya ce akwai waƙafi a shafi na sha tara da bai san abin da yake yi a wurin ba. Ya ce jadawalina na shida ya yi kama da lissafin mai shago. Yana magana yana buga littafin a tebur.

"Mi yake cewa?" in ji Gwaggo.

"Yac ce yaron ga ya ɗebi waken mutane gari-gari bai biya ba."

"Ƙarya ne! Roƙa yake a ba shi!"

"To, shi dai haka yac ce. Ga shi nan rubuce cikin littahin."

Ina jin su sarai, zufa tana bin bayana, ba halin in juya. Malamata ta ɗago ido ta dubi layin gaba, ta mai da shi kan takardarta, na ga gefen bakinta yana rawa.

Sai dogon dattijon ya buɗe shafukan nan huɗu. Ya cire tabarau. Ya ce duk sauran aikin kowa zai iya yi in yana da haƙuri, amma nan ga abu mai ban mamaki, ƙauye guda inda ƙwaro ba ya cin wake, kuma ɗalibin da ya yi shekara biyar yana zuwa wurin ya dawo ya ce bai san dalili ba. Ya sa aka haska hoton garin a bango: rijiya, bishiyar gawo, mata shida a tsaye riƙe da ƙorai. Ya ce, "Ina saurarenka. Me ya sa?"

Na kawo zancen yumɓu. Ya ce na rubuta da hannuna cewa ba shi ba ne. Na kawo zancen iska da zafi. Ya ce wannan ma na kore shi a shafi na gaba. A ƙarshe na ce, "Ban sani ba, Farfesa."

Wannan kam Kawu ya gane ta, don yana daga cikin abin da ya fi faɗa a zamanin aikinsa.

"Yac ce bai sani ba. Sun kama shi, Hajiya."

Amma hankalin Gwaggo ba ya wurinsa. Hoton take kallo, ta miƙa wuya, ta ƙanƙance ido.

"Kai, ɗan nan," ta ce da ni kai tsaye, kamar muna tsakar gida. "Waccan mai jan kallabi ba matar mai garin nan ba ce na arewa da Cadawa? Ga ta gurguwar nan mai ƙosai. Mi suka yi?"

Shugaban zaman, wani farfesa mai furfura wanda ashe Bahaushe ne, ya ɗaga hannu zai tsawatar, sai ya fasa. Ina jin ya ga tsohuwa ce, kuma ta riga ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi. Ya ce da ita cikin Hausa, "Hajiya, ba su yi kome ba. Ana tambayarsa ne me ya sa waken garinsu ba ya huda, alhali na kowa yana yi."

"Waken wa ba ya huda?"

"Na matan nan."

Gwaggo ta kama haɓa. "Waɗanga? Ranka ya daɗe, ai duk ƙasar Agiye babu masu ruɓaɓɓen wake kamarsu. Wata uku ba ya kaiwa. In ka buɗe tukunyarsu sai ka kauce, ƙwari su fita tukuna."

Na ce, "Gwaggo, ni da kaina nake karɓowa. Fes yake."

"Yaushe kake zuwa?"

"Kashegarin kasuwar Cadawa."

"Kana aikawa ka ce kana tahe?"

"Ina kiran mai gari a waya, don kada in tarar sun tafi gona."

Ta tafa hannu, ta juya ta dubi ɗakin gaba ɗaya kamar mai neman shaida.

"La ilaha illallahu! Ashe kai ne baƙon! Shekara nawa matan ga suna zuwa wurina ran kasuwa, kowace ta ce in auna mata rabin tiya na mai kyau, wanda babu huda ko ɗaya, wai suna da baƙo ɗan lakol mai zuwa duba wake, ba su son ya ga nasu ya raina su. Har tsinta suke a gabana. Ni na ɗauka wani babba ne daga gwamnati. Ranka ya daɗe, wakena ne. Nawa ne na cikin buhu mai leda biyu, wanda shi ɗan nan ya koya mini ɗaurewa. Ni na sayar musu, shi ya bi ya karɓo, ya kawo muku nan."

Waɗanda ke jin Hausa a ɗakin suka fashe. Shugaban zaman ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Malamata ta rufe fuska da littafina. Dogon dattijon kaɗai ya rage yana waige-waige yana tambayar abin da ake ciki, sai da shugaban ya share hawaye ya fassara masa. Ya saurara har ƙarshe. Ya mai da tabaransa. Ya dubi Gwaggo ya daɗe, sannan ya miƙe tsaye, duk tsawonsa, ya ɗan rusuna mata.

"Mi yake nuhi?" in ji Gwaggo.

"Ya ba da haƙuri," in ji Kawu. "Yac ce a sallami yaro." Wannan ne karo ɗaya a ranar da fassararsa ta kusa da gaskiya.

Ni kuwa a tsaye nake ina jin kamar ƙasa ta tsage. Shekara biyar ina hawa motar kasuwa da babur, ina kwasar rana, ina kankarar tukwanen mutane, ashe waken gidanmu nake bi ina aunawa. Dattijon ya juyo gare ni. Na shirya jin abin da zai gama da ni. Sai ya ce, cikin murya mai laushi da ban zaci yana da ita ba, da na ƙirƙiro wani dalili na yumɓu ko na iska na cusa a littafin, yau da ya kayar da ni. Amma tun da na rubuta ban sani ba, ban yi wa kowa ƙarya ba, ni aka yi wa. Ya ƙara da cewa shafukan nan huɗu, ba tare da na nufa ba, sun nuna buhun Hajiya yana aiki. Ya ce waƙafin shafi na sha tara dai yana nan kan bakansa, a cire shi.

Aka fitar da mu waje su yi shawara. Gwaggo ta sa ni a lungu.

"Tara za su ci ka ko ɗauri?"

"Ba kotu ba ce, Gwaggo."

"To don mi ka yi ta zuhwa?"

Da aka mai da mu, kowa ya tsaya, shugaban ya karanta hukunci: an ba ni doktora, da sharaɗin in koma ƙauyen in sake ɗibar wake, in gyara shafukan kafin a ajiye littafin. Aka yafa mini baƙar riga irin tasu. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har sau uku a ɗakin da ban taɓa jin an ɗaga murya ba, sannan ta kwance ƙullinta ta bi malaman ɗaya bayan ɗaya tana zuba musu wake a leda. Dogon dattijon ya karɓi nasa da hannu biyu.

Da yamma na je buron malamata in yi mata godiya da ban haƙuri. Na ce na kunyata ta. Ta ce in zauna. Ta ce ita ma ta karanta shafukan nan sau biyar ba ta yi tunanin tambayar ranar da nake zuwa ba, don haka kunyar ta mu biyu ce. Sannan ta ce, "Kana tsammanin takardar nan cewa take ka san wake? Gwaggonka ta fi ka sanin wake, kuma za ta mutu ta fi ka. Abin da muka sa wa hannu yau shi ne, daga yanzu in ka ce abu kaza haka yake, za a iya yarda ka duba, in kuma ba ka sani ba za ka faɗa. Ba wanda zai ƙara bin bayanka da jan biro. Kai za ka bi bayan kanka." Na ce na gode. Ta ce in rufe mata ƙofa in na fita, in kuma daina sanar da mutane ranar zuwana.

Muka koma gida tare. Labari ya riga mu isa, amma ba labarin wake ba. Washegari da na fito daga sallar asuba na tarar da mutum goma sha a zaune a ƙofar gida, kan tabarmin da Gwaggo ta shimfiɗa musu da kanta. Limaminmu yana da ciwon baya. Wata tsohuwa ta kawo jikarta mai tari. Wani Bafulatani dattijo, wanda ya yi sammako daga rugarsu, ya ɗaure saniya a gindin dogon yaro yana jira.

Na yi musu bayani a tsanake. Na ce ni doktan bincike ne. Liman ya ce ai binciken yake so, a bincika masa bayan. Tsohuwar ta ce ko rabin ƙwaya ce in taimaka. Na ce wallahi ban san maganin tari ba, in na ba ta wani abu zan iya cutar da yarinyar. Suka dubi juna. Wani ya ce a hankali, "Shekara ashirin da wani abu yana lakol."

Bafulatanin ne ya fi kowa fahimta. Ya ce, "To, kai ba na mutane ba, ba na nagge ba. Na mene ne?"

"Na wake, Baffa."

Ya juya maganar a ransa. "Wake yana ciwo?"

"Ƙwari na cinsa."

"To. Allah ya ba shi lafiya." Ya kwance saniyarsa.

Abin da na iya yi ranar shi ne na nemo mota ta kwashi liman da tsohuwar da jikarta da wasu uku zuwa gidan likita a Gazawa, na tsaya a layi tare da su, na karanta musu takardun magani, na gwada wa kowa wanda zai sha safe da rana da dare. Bafulatanin kuma na haɗa shi da malamin dabbobi a waya. Liman ya ce ko ba kome doktan yana da amfani wurin karatu. Gwaggo ba ta ji daɗi ba. Kwana biyu tana ba ni tuwo ba magana. A na uku ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da gaske dai ko allura ɗaya ba su koya maka ba?" Na ce ko ɗaya. Ta ce, "To, tashi ka ɗaura mini buhunan can, tun da wannan ka iya."

Bayan sati biyu na ɗauki babur na nufi ƙauyen arewa da Cadawa, ranar da ba ta kusa da kasuwa, ban kuma kira kowa ba. Na tarar da matar mai gari tana daka. Da ta gan ni sai taɓaryar ta tsaya a sama, ta kira ni yadda ake kiran malaman lakol a wajenmu.

"Mushe! Ba ka aiko ba."

"Ban aiko ba, Inna. Wake na zo gani."

"To, zauna a kawo maka ruwa. Bari in leƙa maƙwabta."

"Ba na maƙwabta ba. Na cikin tukunyarki."

Ta dube ni, na dube ta. Sai ta ajiye taɓarya ta fara dariya, ta riƙe ciki, ta ƙwala wa sauran kira. Kafin wani lokaci matan hoton nan duk sun taru, ashe labarin Yamai ya iso musu daga bakin Gwaggo a kasuwa, da ƙari mai yawa, har da cewa alƙali ya yi kuka. Mai ƙosan ta ce su fa ba cuta suka nufa ba. Sun ga yaro mai ladabi yana tahowa daga nesa cikin rana, suka ga bai kamata ya koma da ruɓaɓɓen abu ba. Matar mai gari ta ce kuma kullum in na karɓa sai in yi ta murna ina rubutu, su kuwa suna jin daɗin ganin murnata.

Ta kai ni ɗaki ta ɗaga faifan. Ƙwari suka taso mini a fuska. Waken ya zama kamar rariya, wani ma in ka taɓa sai ya narke. Na durƙusa ina ɗiba da hannu biyu, kuma Allah ya sani ban taɓa farin cikin ganin ɓarna irin na ranar ba. Na bi gida shida, kowace ta buɗe mini nata tana rufe fuska. Kafin in tafi na zaunar da su a inuwar gawo, na fitar da buhun da na zo da shi, na nuna musu yadda ake matse iska a ɗaure leda ta ciki, sannan ta biyu, sannan buhun waje, da dalilin da ya sa ƙwaron ke mutuwa in ya rasa iska. Mai ƙosan ta gwada, ta kwance, ta sake. Ta tambaye ni me ya sa duk shekarun nan ban taɓa nuna musu ba. Na ce ai na ɗauka ni ne zan koya a wurinsu. Suka sake kwashewa da dariya.

Suka haɗa mini ruɓaɓɓen waken ya kai rabin buhu, fiye da abin da nake bukata, suka taya ni ɗaure shi a bayan babur.

A kan hanyar komawa, daf da Agiye, wani jandarma ya tsai da ni a shinge. Ya karɓi takarduna, har da sabuwar takardar aiki da jami'a ta ba ni, ya karanta, ya ɗan gyara tsayuwa.

"Dokta, barka da hanya. Me ke cikin buhun?"

"Wake ne."

Ya sa na kwance. Ya tura hannu, ya ɗebo, ƙwari suka bi masa yatsu. Ya yarfe da sauri. Ya dubi waken, ya dubi takardar, ya dube ni, tausayi ya cika masa fuska.

"Dokta, wa ya sayar maka da wannan?"

"Kyauta aka ba ni. Tun safe nake nemansa."

Ya miƙo mini takarduna a hankali. Ya ce in na sake bukatar wake in daure in tafi da wata babbar mace daga gida ta zaɓa mini, don ƴan kasuwar yanzu ba su jin kunyar mai ilimi. Na ce in sha Allah haka zan yi. Ya taya ni ɗaure buhun, ya ɗaga mini shinge, na wuce.